Daɗin Kowa bayan Malam Nata'ala: don Allah kada a naɗa wa wani rawaninsa

A farkon watan Nuwamban 2025 Allah Ya yi wa Mato Yakubu rasuwa a Maiduguri, bayan doguwar jinya. Mutane ƙalilan ne suka san shi da wannan suna. Amma ka ce Malam Nata'ala, daga Potiskum garinsu har zuwa nan Sabha inda nake wannan rubutu, da wuya ka samu Bahaushen da zai tambaye ka ko wane ne. Allah Ya jiƙansa, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ya ba iyalinsa haƙuri.

Bayan addu'a da ta'aziyya, akwai tambayar da masu kallo ke yi wa juna, ko da wasu na jin nauyin furta ta: to yanzu yaya za a yi da shi a cikin shirin? Mutumin ya tafi, amma tsangayarsa na nan a garin Daɗin Kowa, matansa na nan, almajiransa na nan. Na ji masu cewa a nemo wani mai kama da shi a ɗora masa rawani a ci gaba. Na ji masu cewa a yi shiru kawai, a daina nuna gidansa, mutane za su manta. Wasu kuma cewa suke yi shirin ma ya tsufa, a rufe shi a huta.

Ni dai ra'ayina shi ne duka ukun nan kuskure ne, kuma na farkon ya fi muni. Abin da ya dace da tashar Arewa24 da marubutanta shi ne su bar Malam Nata'ala ya rasu a cikin labarin kamar yadda mai shi ya rasu a zahiri, su bar garin ya ji zafin rashinsa, sannan su gina sabon abu a kan wannan gurbi. Bari in faɗi dalilaina.

Sai mutum ya bar gida yake gane abin da irin wannan shiri yake yi masa. Wanda ke Kano ko Maraɗi, in ya kashe talabijin ya leƙa waje, ga mai shayi nan, ga dillaliya na wucewa, ga almajirai da robobinsu. Shirin bai ƙara masa komai ba sai dariya. Mu kuwa a nan, wanda ya wuni yana ɗaukar bulo a Mahdiya ko yana ban ruwa a gonar wani Balarabe a bayan gari, in dare ya yi ya dawo ɗakin da suke kwana su shida ko bakwai a Gurda, wayar da aka jingina da butar shayi ita ce ƙofar gida. Ɗaya ya sauke shirin daga YouTube lokacin da aka samu intanet, sauran su tura ta Xender, ko wuta ta ɗauke ana kallo har batir ya mutu. Akwai waɗanda suka keto hamada ta Agadas da Dirku da Gatrun tun kafin a haifi wasu 'ya'yansu, ba su taɓa ganin yaran ba sai a hoto, amma duk mako suna ganin Kamaye da Adama, suna ganin Ɗantani Mai Shayi, suna ganin Kyauta Dillaliya. Ba wasa nake yi ba, akwai mutanen da suka fi sanin halin da gidan Malam Nata'ala ke ciki a kan halin da gidan yayyensu ke ciki. Irin wannan mai kallo ba ka yi masa wasa da hankali. In ka ɗauko baƙuwar fuska ka ce masa ga Malam, kamar ka aiko masa da hoton wani ƙato ne ka ce ga babanka.

Masu cewa a sauya shi suna kafa hujja da Labarina. Gaskiya ne, lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Aminu Saira ya kawo Fati Washa ta zama Sumayya, kuma sama ba ta faɗo ba. An yi ta gunaguni, an yi ta kwatanta su biyun, amma mutane sun ci gaba da kallo. To amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, Labarina labari ne mai zare, abin da ke riƙe mai kallo shi ne son sanin ƙarshe: wa Sumayya za ta aura, me zai faru da Presido, ina Lukman zai sa kansa. Wanda ke son jin ƙarshen labari zai haƙura da sabuwar fuska kamar yadda fasinja ke haƙura in an sauya direba a hanya, shi dai a kai shi inda za shi. Na biyu, shi kansa Saira daga baya naɗe tabarmar wancan labari ya yi, ya buɗe sabo fil da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, ya bar sunan shirin kawai. Ko ba komai wannan ya nuna cewa sabon labari ya fi ɗinkin tsohuwar riga sauƙin sayuwa.

Ɗan wasan barkwanci kuwa ba direba ba ne, shi ne motar. Ba wanda ke zama gaban Malam Nata'ala don ya ji yadda labarinsa zai ƙare. Kowa ya san yadda zai ƙare: zai hango wani abin duniya, zai ƙulla dabara, zai kawo hujjar da zai kare kansa, abin zai kwaɓe masa, mako mai zuwa ya sake. Abin da muke jira shi ne yadda zai faɗe ta. Wannan karin harshen nasa na mutanen gabas, yadda yake zare ido, yadda yake juya magana in an kama shi, yadda faɗansa ma dariya yake ba ka. Marubuci na iya rubuta kalmomin, amma ba shi ya rubuta muryar ba, kuma ba zai iya miƙa ta ga wani ba. Duk wanda aka ɗora a wannan buzu, ɗayan biyu ne: ko ya kwaikwayi marigayin ya zama abin tausayi, ko ya yi nasa salon mutane su ce ai wannan ba Malam ba ne. Ta kowace fuska an zalunci sabon ɗan wasan, an kuma zalunci tsohon.

Ai mun ga irin haka da Ibro. Tun da Rabilu Musa ya rasu a watan Disamban 2014, mutum nawa ne suka gwada saka irin hularsa, suka karya murya irin tasa? Wa ya tsaya a cikinsu? Waɗanda suka yi suna a barkwanci bayansa su ne waɗanda suka zo da nasu kalar. Har yau in yara na son Ibro, tsofaffin finafinansa suke nema, ba magajinsa ba.

Sunan shiri ma yakan gaya maka ko zai rayu bayan tauraronsa. Samanja Mazan Fama, da iyayenmu suka sha kallo da saurare daga Kaduna, Usman Baba Pategi ne shi kaɗai, sauran duk kewaye shi suke yi. Ran da ya ajiye, shirin ya ajiye, tun ma kafin rasuwarsa a 2023. Karkuzu haka. A ƙasar Saudiyya, Tash ma Tash, wanda Larabawan nan suka daɗe suna buɗa-baki da shi a watan azumi, a kan mutum biyu ya tsaya, Nasir al-Ƙasabi da Abdullah al-Sadhan. Da suka raba gari bayan azumin 2011, shirin da ya yi zango 18 ya tsaya cak, bai sake motsi ba sai da su biyun suka dawo tare a 2023. Babu wanda ya yi gigin ɗauko wani ya ce shi ne al-Ƙasabi. Irin waɗannan shirye-shirye, rufewa ita ce mutunci.

Daɗin Kowa ba haka yake ba, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa a rufe. Sunan gari ne, ba sunan mutum ba. Tun farko waɗanda suka tsara shi gari suka gina, da unguwanni da kasuwa da teburin mai shayi da ofishin 'yan sanda, da Musulmi da Kirista, da ɗan boko da ɗan tsangaya, da 'yan gudun hijira. Shi ya sa ya haura shekara goma, ya ci kyautar AMVCA a 2016 a rukunin Hausa, ya koma Sabon Salo, yaran da aka fara da su suka girma a gaban idonmu. Gari ba ya tashi don mutum ɗaya ya mutu, ko da kuwa limaminsa ne. Amma kuma gari ba ya wayewa ya yi kamar ba a yi mutuwar ba.

Su Amurkawa da suka fi kowa daɗewa a wannan sana'a sun gwada kowace hanya, kuma sakamakon na nan a rubuce. A 2011 aka kori Charlie Sheen daga Two and a Half Men bayan rigimarsa da mai shirin, alhali yana karɓar kusan dala miliyan biyu a kowane kashi. Aka kashe shi a labarin, aka kawo Ashton Kutcher da sabon suna. Kashin farko bayan tafiyarsa ya tara masu kallo sama da miliyan 28, adadin da shirin bai taɓa samu ba. Sai dai wannan taron 'yan ganin ƙwaƙwaf ne, irin wanda ake yi in mota ta faɗi. Da ƙura ta lafa mutane suka riƙa zamewa, duk da haka shirin ya ƙara shekara huɗu kafin a rufe shi a 2015. A shekarar 2011 ɗin dai Steve Carell ya bar The Office, inda shi ne manajan da komai ke zagaye da shi. Suka yi ta jarraba wannan su jarraba wancan a kujerar, abin bai zauna ba, bayan zango biyu aka rufe a 2013. Abin lura shi ne ko su da suke da kuɗin sayen duk ɗan wasan da suka ga dama, ba su ce wa wani ya zo ya zama Charlie ko ya zama Michael ba.

Misalin da ya fi kama da namu tsoho ne. A 1985 wani dattijo mai suna Nicholas Colasanto, wanda ke fitowa a matsayin Coach a shirin Cheers, ya rasu ana tsakiyar aiki. Ba shi ne babban jarumi ba, amma shi ne wanda kowa ke so. Da aka dawo sabon zango sai aka faɗa a cikin labarin cewa Coach ya rasu, aka kawo wani saurayi baƙo mai suna daban da hali daban, Woody Harrelson, ya kama aikin da yake yi. Abokan aikinsa suka rataye wani hoto da marigayin ke ajiyewa a ɗakinsa a bangon wurin da ake ɗaukar shirin, ya zauna nan har ƙarshe. Shirin ya ƙara shekara takwas, sai 1993 aka rufe shi, kuma a tsakani ma babbar jarumar, Shelley Long, ta tafi a 1987 aka kawo wata da sabon suna. Ba su yaudari kowa ba, shi ya sa ba wanda ya yi fushi da su.

Hanya ta biyu, wato a yi shiru ko a ce ya yi tafiya, ita ce wadda na fi jin tsoron za a bi, don ita ce mai sauƙi. A ce Malam ya tafi gabas neman ilimi, ko ya tafi ci-rani da almajiransa, shi ke nan an rufe babi. Duk wanda ya zauna a ƙasar Larabawa ya san abin da ya faru da Bab al-Hara. Bayan zango na biyu aka samu saɓani da Abbas al-Nuri mai fitowa a Abu Isam, wanda shi ne ginshiƙin gidan. Sai zango na uku ya buɗe babu shi, aka ce ya mutu. Shekaru suka wuce, da aka shirya da shi, a 2014 sai ga Abu Isam ya dawo da ransa. Tun daga nan mutuwa ta daina zama mutuwa a shirin, ta zama abin zolaya, mutane na cewa duk wanda ya mutu a wannan unguwa a jira shi zango mai zuwa. Su dai tasu ƙaryar ta kashe mai rai ce. Tamu za ta fi muni, don raya mamaci za mu yi da baki. Duk mai kallo ya san mutumin na kabari, ya ga hotunan jinyarsa, wataƙila ma ya tura ɗan abin da ya samu lokacin da aka nemi taimako. Sai kuma a fito a ce masa Malam na Gashuwa yana karatu? Haba jama'a.

Kuma mu 'yan ci-rani mun fi kowa sanin ɗacin wannan kalma ta “ya yi tafiya”. Gidaje nawa ne a Kance da Matamai da Daura da Kazaure ake ce wa yara babansu na Libiya, alhali shekara biyar ba waya ba saƙo, ba a san ko yana gidan bashi ba, ko hamada ta cinye shi, ko teku? Matar ba ta san ko ta yi takaba ko ta jira ba. Wanda aka tabbatar da mutuwarsa aka yi masa salla, iyalinsa sun fi waɗannan samun natsuwa. To don me za mu so shirin da muke gudu wurinsa don mu huta ya yi mana irin wannan rataya?

Yanzu a duba abin da marubuci zai samu in ya yi gaskiya. Malamin tsangaya ya rasu ya bar mata fiye da ɗaya, da 'ya'ya, da almajiran da iyayensu ke can wasu garuruwa. Wallahi wannan kaɗai ya isa zango guda cur. Ga zaman makoki, inda waɗanda ya bi bashi da waɗanda suke bin sa za su haɗu a tabarma ɗaya kowa na kallon kowa. Ga takaba, wata huɗu da kwana goma, kishiyoyin da suka saba faɗa a kan miji yanzu an kulle su gida ɗaya babu mijin. Ga rabon gado, inda matan duka za su raba tumuni a tsakaninsu, a gano abin da ake zaton ya tara bai kai yadda ake zato ba, ko kuma ya fi. Ga babbar tambaya, wadda ban taɓa ganin wani shiri ya tsaya a kanta sosai ba: ina almajirai ke zuwa ran da malaminsu ya mutu? Wa zai gaji allon? Babban gardi ne, ko ɗan malam da bai yi karatun ba, ko wani ƙanensa da zai zo daga ƙauye da nasa tsarin? Yaro ɗan shekara bakwai da ubansa ya damƙa wa Malam hannu da hannu, bai san hanyar garinsu ba, wa zai mayar da shi? Wannan abu na faruwa a ƙasar Hausa duk shekara, kuma Daɗin Kowa, da aka kafa tun farko don ya taɓo irin waɗannan matsaloli, ya fi kowa cancantar ya nuna shi.

Kuma ba sai an koma kuka zalla ba. Bahaushe ya iya dariya a gidan mutuwa ba tare da ya raina mamaci ba. Duk wanda ya taɓa zaman sadakar uku ya san yadda ake fara “Allah Ya jiƙan Malam, ai ran nan ya ce min…” sai wuri ya kaure da dariya, wasu na share hawaye. Nan ne gurbin sabon mutum yake. A kawo wani malami, amma da sunansa da halinsa. Wataƙila saurayi ne da ya yi Islamiyya yake son kawo allon bango da kujeru, tsofaffin gardawa na yi masa kallon ɗan bidi'a. Wataƙila mai tsananin gaskiya ne har ya gundiri mutanen da suka saba da dabarun Nata'ala, a wayi gari masu zaginsa jiya suna cewa ina ma Malam na nan. Ka ga ta haka marigayin zai ci gaba da ba da dariya a shirin ba tare da an taɓa rawaninsa ba.

Na san akwai masu cewa bai dace a yi wasan kwaikwayo da mutuwar gaske ba, zai tayar wa iyalinsa da ciwo. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba a tsallake ta. Amsarta ita ce a je a same su a nemi yardarsu kafin a rubuta ko layi ɗaya. Ba a buƙatar makara, ba a buƙatar likkafani, ba a buƙatar nuna kabari. Sanarwa ta isa, da tabarmar makoki, da buzunsa a shimfiɗe ba kowa a kai. Ina kyautata zaton iyalin da aka girmama haka za su fi jin daɗi a kan su kunna talabijin su ga wani yana amsa sunan mahaifinsu yana kwaikwayon tafiyarsa. Abin da kuwa ban yarda da shi ba ko da wasa shi ne a ɗauko tsofaffin hotunansa a yanka a liƙa, ko a sa kwamfuta ta ƙirƙiro muryarsa, tunda yanzu an iya. Mamaci ba ya sa hannu a takarda.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba in tauraro ya tafi, su ne 'yan wasan da abincinsu ke rataye da nasa. Matan Malam a shirin, 'ya'yansa, almajiransa, abokan hirarsa, duk fitowarsu ta dogara ne da fitowarsa. In aka bi hanyar shiru aka daina nuna gidan, ba mutum ɗaya aka rasa ba, an sallami mutum goma ne ba tare da an gaya musu ba. Masu son a sauya fuska sukan kawo wannan a matsayin hujjarsu, kuma niyyarsu mai kyau ce. Amma labarin takaba da gado da tsangaya ya fi ba waɗannan mutane aiki, don a karon farko su za su zama gaba, ba masu miƙa wa Malam magana ya buga ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna, wanda ya wuce Daɗin Kowa. Mutumin da miliyoyin mutane suka sani, wanda ya shekara da shekaru yana sa mu dariya, sai da ya fito a bidiyo da jikin jinya yana neman taimakon kuɗin magani. An taimaka, daga Nijeriya da Nijar, Allah Ya saka wa kowa. Amma ba shi ne na farko ba, kuma kowa a masana'antar ya san ba shi ne na ƙarshe ba. A 2022 da Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa akan sallame ta da dubu biyu zuwa dubu biyar, an yi ta cacar baki, wasu furodusoshi suka musanta, wasu suka goya mata baya, bayan mako biyu kowa ya koma harkarsa. Ba ina nuna wani kamfani da yatsa ba ne. Tsarin ne gaba ɗaya aka gina a kan a biya ka na yau, gobe Allah Ya kai mu. Shiri mai dogon zango kuwa ba fim ɗin kwana biyar ba ne. Mutum ya ba ka shekara goma na rayuwarsa, fuskarsa ta zama tambarinka, har sunansa na yanka ya ɓace a cikin sunan da ka ba shi, ana maimaita tsofaffin kashi ana samun talla, ana kallo a YouTube daga Sabha da Jidda da Kumasi. Ya kamata a ce akwai takarda da ta faɗi abin da zai samu in ya kwanta ciwo, da abin da iyalinsa za su samu duk lokacin da aka sake haska aikinsa bayan ransa. Ƙungiyar MOPPAN da sauran ƙungiyoyin 'yan fim, in ba su tsaya a kan wannan ba, ban san a kan me za su tsaya ba.

Ita wannan takardar kuma ita ce za ta kare mai shirin. Yawancin tafiyar taurari a Kannywood ba mutuwa ke kawo ta ba. Aure ne, ko saɓani a kan kuɗi, ko jarumi ya ga ya yi girman da zai buɗe tasharsa a YouTube ya ci gashin kansa. Jaruma na tsakiyar labari za a ɗaura mata aure, marubuci ya kwana yana neman yadda zai yi da ita, ƙarshe a ce ta tafi karatu waje ko a haɗa ta da hatsarin mota. Da a ce tun farko an yi yarjejeniya cewa duk mai son tafiya zai ba da sanarwar wata kaza, a ɗauki fitarsa cikin mutunci, da an rage wannan kame-kame. Steve Carell tun kusan shekara guda kafin tafiyarsa aka sani, shi ya sa aka rubuta masa bankwanar da har yau masu kallonsu ke yabawa, ko da abin da ya biyo baya bai yi armashi ba.

Masu Gidan Badamasi ma su kalli wannan da kyau, don su ne suka fi kowa zama a bakin rami. Shirin Falalu Ɗorayi barkwanci ne tsantsa, kuma duk da tarin 'ya'ya irin su Ɗankwambo da Bazuka da Zaidu, igiyar da ta ɗaure su ɗaya ce: tsoho mai dukiya da maƙo yana zaune a kekensa, kowa na jiran abin da zai faɗo daga hannunsa. Allah Ya ƙara wa mai fitowa a Alhaji Badamasi lafiya da nisan kwana. Amma ko gajiya ya yi ya ce ya huta, dole marubutan su san amsar tun yanzu. Su dai sun yi sa'a, don rabon gadon Badamasi kaɗai zai iya cin zango biyu, in dai ba su yi kuskuren ɗauko wani tsoho su zaunar a keken ba.

Abin da nake roƙon Arewa24 bai da yawa. Kashi ɗaya da za a keɓe wa Malam, a sanar da ranar tun da wuri don mu ma na nesa mu tanadi data. A buɗe da sunansa na gaskiya da addu'a. A bar mutanen garin, Kamaye da Ayuba Maigadi da su Ɗantani, su zo su zauna a ƙofar gidansa, kowa ya faɗi abin da ke tsakaninsu. In akwai tallan da aka samu a wannan dare, a kai wa iyalinsa wani kaso a Potiskum, a kuma faɗa a fili cewa an kai. Mako na gaba sai a nuna mana wanda ya wayi gari yana ɗora wa yaran karatu.